Man Gyaɗar Mamarki da Alamun Zance na Ingilishi

Maraɗi, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya kai ki Akara lafiya, Ya tsare motar da za ki shiga da direbanta, Ya sa ki sauka hannun mutanen kirki. Allah Ya sa wannan tafiya ta zama buɗi gare ki da mu baki ɗaya.

Na san tun satin da ya wuce kunnenki ya cika da nasiha. Gwaggonki ta yi miki ta salla, mamarki ta yi miki ta abinci da ƙawaye, kawunki Sani ya yi miki ta ƴan damfarar tasha har da kwaikwayon muryarsu. Duk na ji, kuma ba ni da abin da zan ƙara. Tawa nasihar ƙarama ce, don a kan wasu ƴan alamu take, waɗanda ake sawa a saman layi idan za a kawo maganar wani a rubutun Ingilishi. Kina iya yin dariya. Mamarki ta riga ki, tun da na gaya mata abin da nake rubutawa. Amma aikin jarida za ki karanta, cikin harshen da ba a raine ki da shi ba, kuma yawancin aikin ɗan jarida ɗaukar maganar mutane ne ya kai wa wasu. Shekaranjiya da kika nuna mini rubutun da kika shirya wa makarantarku, na ga inda alamun nan suka zauna ba daidai ba. Ban ce komai ba saboda falo cike yake da masu zuwa sallama. Na ga ya fi in zauna in ba ki labarin yadda alamun suka yi ta wasa da ni tun ina saurayi har na yi furfura.

Farkon haɗuwata da su a lise ne, wato sakandare, nan Maraɗi. Malaminmu na Ingilishi Mushe Yohanna ne, yadda muke kiran malamai da Faransanci, mutumin Tsibiri, wanda kika sani da tsufansa, mai aiko mana da shinkafa da kaza duk Kirsimeti. Lokacin yana da ƙarfinsa. A keke yake zuwa daga Tsibiri kullum, ƙafar wandonsa cuse cikin safa don kada sarƙa ta kama ta. Wata rana ya ba mu aiki mu rubuta hira tsakanin mai saye da mai sayarwa a kasuwa. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, don ba wanda ya kai ni haddace kalmomi a ajin. Na zauna na shirya ciniki mai zafi a kan turmin atamfa. Duk inda mutum zai yi magana sai in sa masa gime irin na Faransanci, masu kama da kan kibiya ɗin nan, in bar fili gaba da baya yadda aka koya mana tun muna ƙananan lakwal, wato firamare. Wani wurin kuma in ja ɗan layi a farkon magana.

Da ya dawo mana da takardunmu sai ya riƙe tawa. Ya ce, "Yau Isufu ya kawo mana baƙi." Ya tsaya gaban aji ya karanta hirar tawa, kalmomin Ingilishi ne, amma yana fitar da su ta hanci kamar mutumin Faransa, har da ɗaga kafaɗa. Aji ya rushe da dariya. Ni ma da na ga ba mafita sai na bi su. Da aka natsu ya ce, "Ingilishinka ba laifi. Amma wanda ya kalli takardar nan kafin ya karanta ta, zai rantse Faransanci ne."

Ya juya ga tabulo, allon aji, ya rubuta mana layi biyu, har yau ina ganinsu:

She said, "I want six yards."
"I want six yards," she said.

To ki duba su da kyau, don kusan komai yana cikinsu. Alamun a sama suke, kuma manne suke da kalmar farko da ta ƙarshe, babu fili tsakani. Idan mai maganar ya zo da farko, ki sa waƙafi kafin ki buɗe, ki fara maganar da babban baƙi. Idan maganar ce ta zo da farko, kada ki rufe ta da aya, don jimlarki ba ta ƙare ba. Waƙafi za ki sa, a ciki, sannan ki rufe, sannan ki faɗi wanda ya yi maganar. Hannunki ya saba da na Faransanci kamar yadda nawa ya saba, kuma ordinatarki, wato kwamfutarki, ita ma ta saba. Idan kin sauka ki sauya mata harshe, in ba haka ba za ta riƙa cusa miki gime da kanta kina ji kina gani.

Wannan kunyar aji ce kawai, ta wuce a ranar. Ta biyu kuwa har cikin gida ta biyo ni.

Kina goye lokacin, ba za ki tuna ba. Mamarki ta fara sana'ar man gyaɗa, kuma kin san hannunta: ita ke zaɓen gyaɗarta a kasuwa, ta tsince, ta soya, ta kai inji, ta dawo ta matse da kanta. Man ya yi suna a unguwa. Kawunki Sani, da yake yana jan babbar mota zuwa Legas, ya kai wa wata mata mai shago can ɗanɗano. Matar ta ce a kawo mata da yawa, amma a sa a kwalabe masu takarda a jiki, da rubutun Ingilishi, don irin masu sayenta ba sa ɗaukar abin da ba rubutu. Mamarki ta ce, "Malam, ga ranar karatunka ta zo." Na ce ta bar mini.

Na je wurin masu buga takardu na tsara abin da kaina. Ina son kalmar da ke nufin tsantsa ta fito ta fi sauran, don nan ne alfaharin mamarki yake. Na yi tunanin yadda zan ƙawata ta, sai na sa mata alamun zance gaba da baya. Takardar ta fito kamar haka:

"Pure" Groundnut Oil

Na kawo gida ina taƙama. Muka zauna da ƙannen mamarki muka manna wa kwalabe, aka loda wa Sani.

Bayan ya isa sai ga wayarsa. Ya ce, "Yaya, matar nan fa ta ƙi karɓar kaya. Wai a gaya mata gaskiya, da me aka gauraya man?"

Mamarki tana kusa, ta ji. Ta karɓe wayar daga hannuna. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci irin na ranar ba. Ta ce, "Sani, ka gaya mata ni ban san gauraye ba. Wa ya ce mata an gauraya?"

Ya ce, "Ta ce ku kuka rubuta da kanku a jikin kwalba."

Mamarki ta juyo ta dube ni. Ta miƙo mini wayar ta shige ɗaki.

Na ɗauki kwalba ɗaya cikin waɗanda suka rage na hau kabu-kabu sai Tsibiri. Na tarar da Mushe Yohanna, lokacin ya yi ritaya, yana gyaran dangar gidansa. Ya sa tabarau ya dubi kwalbar, ya dube ni, sai ya zauna a kan turmi yana dariya har da share hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "Isufu, in mutum ya ce maka ga man gyaɗa, wai tsantsa, za ka saya?"

Na ce, "A'a, Mushe."

Ya ce, "To abin da ka rubuta ke nan. A Ingilishi in ka kama kalma ɗaya ka sa ta cikin alamun nan, ba maganar kowa kake kawowa ba, to ka ce wai. Ka nuna kai kanka ba ka yarda da ita ba."

Tun daga ranar ban sake mantawa ba, kuma ke ma ki riƙe shi da wannan kalma tamu ta Hausa. Duk lokacin da hannunki ya kai ga sa alamun zance a kan kalma guda, ki karanta jimlar a ranki ki sa wai a gaban kalmar. In kin ji ma'anar da kike nufi ke nan, ki bar su. In kin ji zagi ya fito, ki cire. Alamun nan ba ado ba ne, ba sa ƙara wa kalma ƙarfi. In ƙarfi kike so, ki ja mata layi a ƙasa, ko ki kaurara baƙaƙenta, ko ki gyara jimlar yadda kalmar za ta tsaya da kanta. A rubutunki na makaranta kin ce wadda ta koya miki Ingilishi a lise "good" teacher ce. Madam Rahila ba ta cancanci wannan daga gare ki ba. Ki cire kafin ki miƙa.

Man kuwa, Sani ya roƙi matar ta buɗe kwalba ɗaya ta soya wani abu da shi. Ta soya, ta karɓi kayan, amma da sharaɗin a cire takardun. Sauran da ke gida ni aka ba aikin ɓare su. Na yini tsakar gida da bahon ruwan ɗumi ina kankare takarda da cokali, mata suna wucewa suna yi mini sannu da aiki, kowace ta wuce sai in ji ta fashe da dariya a zaure. Mamarki ta huce da yamma. Ta kawo mini fura ta ajiye, ta ce, "Ga fura, wai mai daɗi." Matar Legas kuwa ta daɗe tana sayen man nan, har Sani ya bar tuƙi.

Bayan wannan ne na samu aikin tafinta a wani proje na noman rani a Jiratawa. Baƙi masu jin Ingilishi sukan zo duba gonaki, ni ke shiga tsakaninsu da manoma, in sun tafi kuma in rubuta rapor, wato rahoto, in aika musu. A nan na koyi cewa sanin inda ake sa waƙafi shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne abin da za ka zuba tsakanin alamun.

Akwai wata tsohuwa mai noman zogale, Inna Tambara. Wata shekara injin ban ruwa na ɓangarensu ya lalace, na je na tambaye ta yadda take ciki don in sa a rapor. Ta ce, "Inji ya mutu, zogale na bushewa, ni kuma bayana na ciwo da jan guga." Shi ke nan abin da ta ce, ta koma bakin aikinta. Da na zo rubutawa sai na ga maganar ta yi mini tsurara. Na ce bari in ɗan shafa mata mai, don baƙin su ji tausayi. Na buɗe alamun zance na rubuta da Ingilishi mai daɗi cewa idan inji ya yi barci zuciyarta takan yi barci tare da shi, ganyaye kuma su yi ta kuka. Na rufe, na sa sunanta. Na karanta na ji daɗin kaina.

Da rani ya zagayo sai ga shugabar baƙin, wata anasara doguwa mai yawan fara'a, ta sauka da ɗan littafin da suka buga a ƙasarsu. Maganar da na ƙaga tana shafin farko da manyan baƙaƙe. Ta ce mini ba za ta koma ba sai ta ga matar nan mai hikima. Muka je gonar. Inna Tambara tana tsinkar ganye. Anasarar ta riƙe hannunta, ta buɗe littafin, ta ce in karanta wa tsohuwar maganarta da Hausa don ta san har ƙasar waje an ji ta.

Ummi, ba inda zan gudu. Ni ne tafinta. Na karanta.

Inna Tambara ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wa ya ce hakanan?"

Na ce, "Ke, Inna."

Ta ce, "Ni? Inji barci ya yi? Ai mutuwa ya yi, ɗan nan. Da barci yake da na tashe shi."

Anasarar tana murmushi ta tambaye ni me ta ce. Na tsaya ina kallon zogale. Sai na ga in na sake ƙaga wata maganar, gobe ma sai na ƙaga wata. Na fassara mata daidai, kalma da kalma, na kuma gaya mata ainihin abin da tsohuwar ta ce bara. Ta yi dariya har ta zauna a bakin kanal, magudanar ruwan gonakin. Amma da ta tashi sai ta ce mini wani abu ba da wasa ba. Ta ce ciwon bayan nan shi ne abin da suke bukatar ji, don da sun san tsofaffi na jan guga da hannu da sun fara ta nan. Na cire maganar da ke da amfani, na sa wadda ke da daɗi.

Don haka ki ji da kyau. Idan kika buɗe alamun zance, kin yi wa mai karatu alkawari cewa abin da ke ciki shi ne ya fito daga bakin mutumin, ba ƙari ba ragi. In ba ki riƙe kalmominsa daidai ba, babu laifi, Ingilishi ya ba ki wata hanya. Ki ce She said that her back hurt, ba tare da wata alama ba, kamar yadda muke cewa ta ce wai bayanta na ciwo, ko ta ce cewa. Wannan bayaninki ne, kuma kowa ya san naki ne. Kada dai ki haɗa biyun, ki sa that sannan ki buɗe alamu a kan kalmomin da ke kika tsara. In maganar da Hausa aka yi ta kika mayar Ingilishi, ki tsaya kusa da ita iyakar iyawarki, ki kuma sanar da mai karatu cewa fassara ce. In ta yi tsawo kika yanke wani abu a tsakiya, ki sa ɗigo uku a wurin, kuma ki tabbata abin da kika yanke bai juya ma'anar ba. Mutanenmu ba sa bukatar a yi wa maganarsu kwalliya. Yadda suka faɗe ta ta isa.

Saura babbar, wadda ta sa na yi zufa a gaban mutanen gari guda.

Kin san yadda rabon ruwa yake a Jiratawa. Masu gona a sama, farkon kanal, ruwa na fara isa gare su, na ƙarshen kanal kuwa sai abin da ya rage. Wani dattijo mai suna Baba Ɗan Jimma gonarsa a sama take. Ɗiyarsa tana auren ɗan Malam Garba, wanda tasa gonar take can ƙarshe. Na yi hira da Baba Ɗan Jimma a kan rabon ruwa, ya ce mini, "Mutane na cewa na ƙarshen kanal ragwaye ne, amma ba gaskiya ba ne. Ruwa ne ba ya kai musu." Magana ce ta mutumin kirki, yana kare surukansa.

Na zo rubutawa ina sauri, don ana jiran rapor. Na buɗe alamun, na rubuta rabin farko, da na kai kalmar ragwaye sai na rufe. Sauran maganar ta faɗo waje, ta zama kamar ra'ayina ne ni mai rapor. Kuma ban ware maganar mutanen da yake kawowa daga tasa ba. Can ofishin baƙin, mai shirya shafinsu na intanet yana neman gajeriyar magana da zai sa ƙarƙashin hoton dattijon. Ya ɗauki abin da ke cikin alamun kawai, ya ga kalmomin farko kamar ba su da aiki, ya datse su. Abin da ya fito ƙarƙashin hoton Baba Ɗan Jimma yana murmushi da hularsa shi ne:

"The people at the end of the canal are lazy."

Wata ɗiyar garin da ke karatu a Najeriya ta ci karo da hoton a wayarta. Ta fassara, ta aiko wa mahaifiyarta da saƙon murya. Kafin azahar ya zagaye Jiratawa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ɗiyar Baba Ɗan Jimma ta haihu a satin, ana shirin suna. Malam Garba ya aika masa cewa tunda su ragwaye ne, ba sai ya wahalar da kansa zuwa sunan ragwaye ba. Mai jego tana ɗaki tana kuka, uba a nan, suruki a can.

Baba Ɗan Jimma da kansa ya sa aka kira ni. Ya ce, "Tafinta, ka zo ka kwance abin da ka ɗaura."

Na hau babur na tafi. Bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci, na sama a gefe ɗaya, na ƙasa a gefe ɗaya. Na gaishe su, na ce laifin ba na Baba ba ne, nawa ne, kuma zan nuna musu inda yake. Na tsuguna na share ƙasa da hannu, na ɗauki tsinke na zana alamun. Na ce wannan ita ce ƙofar shiga maganar mutum, wannan ta fita. Na nuna musu inda na rufe tun dattijo bai gama ba. Sannan na zana ƙananan guda ɗaiɗai a ciki, na ce waɗannan su ke nuna cewa mai maganar ma ta wasu yake kawowa, ni kuma ban sa su ba. Na maimaita musu maganar Baba yadda ya faɗe ta tun daga farko har ƙarshe.

Malam Garba ya daɗe yana kallon zanen. Sai ya ɗago ya ce, "To na ji. Ya ce mutane na cewa. Su wane ne mutanen?"

Na ga wata sabuwar rigimar za ta tashi, kuma wannan ba ni da zanen da zai kashe ta. Na sama suka fara kallon ƙasa.

Baba Ɗan Jimma ya gyara zama ya ce, "Har da ni, Garba. Da can na sha faɗi. Sai da na ba ɗanka ɗiyata, na riƙa zuwa, na ga yadda kuke tsayuwa bakin kanal kuna jiran ruwan da ba ya zuwa, sannan na bari."

Wani daga baya ya yi dariya, sai ta bazu. Malam Garba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska bai iya ba. Ya ce, "To ka zo sunan. Amma ragon kai za ka kama a yanka, mu ragwaye ba mu iyawa." Aka tashi ana raha. Na koma Maraɗi na aika wa baƙin gyara, suka sauya rubutun. Ranar suna ni ma na je, kuma duk wanda ya miƙo mini nama sai ya ce in ci amma kada in rubuta.

Ga yadda ya kamata in rubuta tun farko, ki ajiye shi ya zama misali:

"They say, 'The people at the end of the canal are lazy,' but it is not true. The water does not reach them."

Ki ga masu biyu a waje, masu ɗaya a ciki. Duk lokacin da wanda kike kawo maganarsa shi ma ya kawo ta wani, haka za ki yi. Kuma kada ki rufe sai mai magana ya rufe bakinsa. In kin gama rubutu, ki bi da yatsa ki tabbata duk alamar da kika buɗe kin rufe ta, kuma a wurin da ya dace. Wuri ɗaya ne kawai ake buɗewa ba a rufe ba: idan maganar mutum ɗaya ta yi tsawo har ta shiga sakin layi na gaba. Nan za ki sake buɗewa a farkon kowane sakin layi, amma ba za ki rufe ba sai a na ƙarshe.

Akwai ƴan saura da ban yi abin kunya a kansu ba, ko kuma na yi ba wanda ya lura. Alamar tambaya tana bin mai tambayar. In wanda kike kawo maganarsa ne ya yi tambaya, tana ciki: He asked, "Are you coming?" In ke ce mai tambayar, tana waje: Did he say "tomorrow"? Sunan waƙa ko na maƙala yana shiga cikin alamun, sunan littafi ko na jarida kuwa da baƙaƙe masu karkata ake rubuta shi. Za ki kuma tarar masu Ingilishin ba su daidaita a junansu ba. Na Amurka da masu biyu suke farawa, kuma aya da waƙafi kullum a ciki suke sa su. Na Ingila da yawansu da mai ɗaya suke farawa su sa masu biyu a ciki, kuma in ayar ba ta cikin maganar da aka kawo sai su bar ta a waje. Kada wannan ya ruɗa ki. Ranar farko ki tambayi malaminki wanne makarantar take bi, ki kama shi, kada ki gauraya a rubutu ɗaya. In kuma kika ɗauko jimla daga littafin wani ko daga intanet, ko da layi ɗaya ce, ki sa ta cikin alamun ki faɗi mai ita. Can ba sa wasa da wannan, suna iya korar ɗalibi a kansa, kuma ko ba kora, kayan mutane ne.

Na cika ki da surutu, ga shi takarda ta kusa ƙarewa. Ki je ki yi karatunki da sakin rai. Za ki yi naki kurakuran, kuma ina fata su zama na dariya, ki dawo ki ba mu labari a tsakar gida. Za ki zauna gaban manya da ƙanana su ba ki maganarsu, wasu ba za su taɓa iya karanta abin da kika rubuta a kansu ba. Waɗannan su za ki fi kiyayewa.

Yanzun nan mamarki ta leƙo ta tambaya ko na gama. Na ce mata saura kaɗan, ko tana da saƙo. Ta tsaya bakin ƙofa tana gyara ɗankwalinta. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba: "Ka ce mata yajin yana cikin baƙar jaka, ƙarƙashin zannuwa. Kada ta rabar da shi duka. Kuma ta riƙa kira, ko ba ta da abin faɗi." Daga nan ta juya da sauri ta koma madafa, alhali ba abin da ke kan wuta.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya ba ki ilimi mai amfani da abokan zama nagari. Allah Ya yi miki albarka, Ya maido mana da ke lafiya, mu ma ki same mu lafiya. Ƙannenki suna gaishe ki tun ba ki tafi ba.

Wassalam.

Babanki,
Isufu